Daga Murar Tsuntsaye Zuwa Omicron: Abin Da Ke Sa Ƙasashe Riƙe Bayanan Annoba

Shirin tunkarar annoba yana farawa ne daga bayanai, wato adadin waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu, da wuraren da cutar ta ɓulla, da kuma tsarin halittar ƙwayar cutar, wanda shi ne jerin sinadaran da ke bambanta ta da sauran ƙwayoyi, kuma da shi ake haɗa kayan gwaji da allurar rigakafi. Dokokin kiwon lafiya na duniya da aka sabunta a 2005 sun wajabta wa kowace ƙasa ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cikin sa'o'i 24 da zarar ta tantance cewa wata cuta na iya tsallaka iyaka, sai dai tarihin shekarun da suka biyo baya ya nuna cewa ƙasashe kan auna abin da zai same su kafin su buɗe baki.

Indunusiya ce ta fara fito da wannan lissafi fili. A farkon 2007, lokacin da murar tsuntsaye nau'in H5N1 ke kashe mutane a can fiye da ko'ina, ministar lafiya Siti Fadilah Supari ta tsaya kan dakatar da aika samfurin ƙwayar cutar ga ɗakunan gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya, tsarin da ake bi tun 1952, bayan da ta bayyana cewa wani kamfani a Ostareliya ya yi amfani da samfurin Indunusiya wajen haɗa rigakafi. Ƙorafinta shi ne ƙasa matalauciya ta ba da samfuri kyauta, sannan a dawo mata da allura a farashin da ba za ta iya saya ba, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An zarge ta da jefa duniya cikin haɗari, kuma zargin yana da tushe, domin cutar da ba a bibiyar sauye-sauyenta tana iya shammatar kowa. Amma ita ma hujjarta ba ta da makusa, shi ya sa aka shafe shekaru huɗu ana tattaunawa kafin a cimma yarjejeniyar 2011, wadda ta ɗora wa kamfanonin da ke amfani da samfurin biyan kuɗin shekara-shekara da ware wani kaso na allurar da suka sarrafa idan annobar mura ta ɓarke.

A tsakiyar wannan taƙaddama aka buɗe rumbun bayanai na GISAID a 2008, wanda sharaɗinsa shi ne duk mai ɗaukar bayani ya yi rajista da sunansa, ya kuma ambaci ɗakin gwajin da ya samar da shi. Sharaɗin yana da sauƙi a ido, amma ya magance wani tsoro da ya daɗe yana damun masanan ƙananan ƙasashe, na ganin wani a Turai ko Amurka ya riga su wallafa bincike da guminsu.

Annobar korona ta nuna amfanin saurin rabawa da kuma tsadarsa. A watan Janairun 2020 masana Zhang Yongzhen na Shanghai da Edward Holmes na Sydney suka saki tsarin halittar ƙwayar a intanet, kuma cikin 'yan kwanaki aka fara tsara allura da kayan gwaji a kansa. A watan Maris cibiyar ACEGID da ke Ede a Jihar Osun, ƙarƙashin Christian Happi, ta fitar da irinsa na farko a Afirka. Sai kuma a 24 ga Nuwamban 2021 Afirka ta Kudu ta kai rahoton sabon nau'in da aka sa wa suna Omicron, wanda masananta da na Botswana suka gano, kuma kafin mako ya zagayo ƙasashe da dama sun rufe ƙofa ga matafiyan kudancin Afirka, Birtaniya kuwa ta ƙara da Najeriya a farkon Disamba, alhali nau'in ya riga ya shiga Turai. Ministan lafiyar da ya ga yadda aka saka wa Afirka ta Kudu, da asarar da masu otal da jiragen sama suka tafka a lokacin hutun ƙarshen shekara, ba abin mamaki ba ne ya yi jinkirin sanarwa a karo na gaba, kuma jinkirin mako guda ya ishi cuta mai saurin yaɗuwa ta karaɗe nahiyoyi.

Yarjejeniyar annoba da Majalisar Lafiya ta Duniya, wato babban taron ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta amince da ita a 20 ga Mayun 2025 ta koma kan tambayar da Indunusiya ta yi, inda ta tanadi cewa kamfanonin da suka shiga tsarin su sa burin ware wa Hukumar Lafiya ta Duniya kashi 20 cikin ɗari na allura da magani da kayan gwajin da suke sarrafawa a lokacin annoba, aƙalla kashi 10 kyauta, sauran a farashi mai rahusa. Amurka ba ta cikin waɗanda suka amince da ita, kuma an ɗage buɗe ta don sa hannu har sai an kammala ƙarin babin da zai fayyace yadda za a yi musayar samfuri da bayanai da kuma rabon amfaninsu.