Ƙullin kayan miya: sana'ar cikin gida a Kilomita Biyar

Uwargida, in a unguwar Kilomita Biyar ta Bangi kike, ai kasuwa na bakin ƙofarki. Sari kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono da gishiri, ki ƙulla daidai tukunya guda. Makiyayi mai komawa ruga da direban hanyar Garwa-Bulai ba su da lokacin zaga rumfuna biyar, ƙulli ɗaya suke so su jefa a buhu. Bar ɗanyen tumatir, kwana biyu ya ruɓe. Damina kuma a nan doguwa ce, in kuɓewar ba ta bushe ƙamas ba, za ta yi funfuna.

Inda ake karyewa shi ne farashi. Yawancin kayan waje daga Duwala suke shigowa, ta hanya ɗaya. Da 'yan tawaye suka tare ta a ƙarshen 2020, manyan motoci suka yi makonni a kan iyakar Kamaru, kaya suka yi tashin gwauron zabo. To kada ki yanka kuɗin ƙulli bisa sarin jiya, tambayi nawa mudu yake yau. Har kuɗin leda ki lissafa. Bashi kuwa, wanda zai bi shanu wata uku bai waiwayo ba, karɓi kuɗinki tun yana tsaye.