Kukan Kwamfuta Kamar Kukan Jariri Ne

Jariri bai iya cewa cikinsa ke ciwo ba, kuka kawai ya sani. Amma uwar da ta saba da goyo tana bambance kukan yunwa da na zafin jiki. Haka ya kamata mai kwamfuta ya zama da na'urarsa idan ta ƙi tashi.

Da zarar ka danna makunni, tun kafin Windows ta buɗe, wata ƙaramar manhaja da ke cikin babban allon kwamfutar, wato BIOS ko magajiyarta UEFI, takan duba sassan jikinta ɗaya bayan ɗaya: ƙwaƙwalwar sarrafawa, RAM, katin hoto da sauransu. Ana kiran wannan binciken POST, kuma kwamfutar IBM ta 1981 ma da shi ta fito. A lokacin binciken sikirin bai kama ba tukuna, kwamfutar ba ta da bakin faɗin damuwarta a rubuce, sai ta yi ƙara.

A yawancin kwamfutocin tebur, gajeren ƙara sau ɗaya na nufin lafiya lau. A BIOS na kamfanin Award, dogo ɗaya da gajeru biyu na nuni ga katin hoto. A na AMI, gajeru uku na nuni ga RAM. Wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka na Dell fitila suke ƙyaftawa, ruwan ɗorawa da fari, na HP kuwa fitilar Caps Lock. Kowane kamfani da yarensa, don haka a ƙirga ƙaran ko ƙyaftawar da kyau, a duba littafin na'urar.

Uwa ba ta fara garzayawa asibiti sai ta ba da nono ta duba ƙunzugu. Kai ma fara da mai sauƙi. Idan ko fankar kwamfutar ba ta motsa ba, duba soket, waya da caja. Idan fanka na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin, cire wuta, zare RAM, goge haƙoransa na zinariya da magogin fensir, hure ƙurar hunturun da ta taru a gurbinsa, ka mayar da shi sai ka ji ya kama ƙas. Idan biyu ne, gwada su ɗaya-ɗaya. Kwamfutar da kullum take mance kwanan wata, ƙaramin batirinta CR2032 mai ƙarfin volt 3 ne ya mutu. Wadda kuma ta nuna tambarin kamfani sannan ta ce ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba, sai a duba faifan ajiya da wayarsa.

Kada ka canza abu biyu lokaci guda, don ba za ka san wanda ya yi magani ba. Kada kuma ka yarda a goge maka kwamfuta kafin a tantance ciwon, domin sabuwar Windows ba ta gyara RAM da ya lalace, sai dai ka yi asarar takardunka. In kuwa ka ji ƙaurin ƙuna, cire wuta nan take ka kai wa mai gyara, ka faɗa masa daidai ƙara nawa ka ji.