Tsuntsu a hannu ko na kan bishiya? Cacar da kociyoyin jami'o'in Amurka ke yi kan mai jefa ƙwallo

A ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, babu ɗan wasan da ya kai kwatabak muhimmanci. Shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya karanci tsayuwar masu tsaron baya, sannan cikin daƙiƙa uku ko ƙasa da haka ya yanke shawarar wanda zai jefa wa.

Ƙungiya na fita fili da 'yan wasa 11, amma gurbin kwatabak ɗaya ne tak. Shi ya sa zaɓensa ke hana kociyoyin jami'o'i barci, domin sau da yawa a kansa ake korar koci ko a ƙara masa kwantiragi.

Matasa iri biyu

Tun suna sakandare ake auna yaran. Kamfanoni irin su 247Sports da Rivals na ba su taurari, biyar ne mafi girma, kuma kusan mutum 30 kacal ke samun biyar ɗin a shekara a duk faɗin ƙasar.

Akwai wanda ya riga ya nuna. Jifansa na zuwa daidai, ba ya yawan kuskure, sai dai da wuya ya wuce inda yake. Akwai kuma mai tsayi, mai ƙarfin hannu da gudu, wanda bai gama gogewa ba. Idan ya gyaru, ya fi kowa. Idan bai gyaru ba, an yi asarar shekaru.

Jojiya da Clemson a 2018

A shekarar 2018 manyan jami'o'i biyu suka tsinci kansu a wannan mararraba, kowacce ta bi hanyarta.

A Jami'ar Jojiya, koci Kirby Smart na da Jake Fromm, wanda ya kai su wasan ƙarshe na ƙasa a kakar 2017. Sai ga Justin Fields mai taurari biyar. Smart ya riƙe Fromm, Fields ya yi zaman benci, daga nan ya tattara ya koma Jami'ar Jihar Ohio. A 2019 jifansa ya kai ga ci sau 41, sau 3 kawai abokan hamayya suka cafke masa ƙwallo.

Koci Dabo Swinney na Clemson kuwa ya yi akasin haka. Bayan wasa huɗu ya ajiye Kelly Bryant, wanda ke ci masa wasanni, ya ɗora sabon shiga Trevor Lawrence. Bryant ya bar ƙungiyar. Lawrence ya kammala kakar ba a doke su ko sau ɗaya ba, suka lallasa Alabama da ci 44 da 16 a wasan ƙarshe a Janairun 2019.

Mai kallo zai ce ai magana ta ƙare, a bi mai baiwa. To amma Jojiya ta lashe kofin ƙasa a kakar 2021 da ta 2022 a hannun Stetson Bennett, gajere a ma'aunin wasan, wanda ya shiga ƙungiyar a 2017 ba tare da tallafin karatu na wasa ba. Ƙungiyar na da katangar tsaro mai ƙarfi, don haka abin da ta fi buƙata shi ne wanda ba zai zubar da ƙwallo ba.

Wa zai jira?

Mai baiwar da bai goge ba lokaci yake buƙata. Josh Allen ya gama sakandare babu babbar jami'ar da ta neme shi, sai da ya bi ta ƙaramar kwalejin Reedley kafin ya isa Wyoming. A can kusan kashi 56 cikin 100 na jifansa ne ke isa hannu. Duk da haka Buffalo Bills ta ɗauke shi a matsayi na 7 a 2018, kuma ya zama gwarzon gasar NFL a kakar 2024.

Irin wannan haƙurin ya yi tsada a yau. A 2018 hukumar NCAA ta buɗe rajistar sauya sheƙa, a 2021 ta ba ɗan wasa damar sauya jami'a ba tare da zaman shekara guda ba, kuma a shekarar ce aka halatta masa samun kuɗi da sunansa da hotonsa.

Sakamakon haka, koci zai iya shafe shekara biyu yana horar da yaro, da ya nuna sai wata jami'a mai kuɗi ta ɗauke. Kociyoyi da dama yanzu sun gwammace su sayo wanda ya riga ya buga wasanni a wani wuri.

Wanda ke da ƙungiya mai ƙarfi da ke jiran kofi a bana, mai natsuwa ya ishe shi. Wanda ke ƙasa kuma yana son ya kayar da manya, dole ya yi kasada da mai baiwa, ya kuma saka shi a fili da wuri kafin ya gaji da benci.