Me Ya Sa Kunne Ke Kuka?

'Yan'uwana mata, in kunne ya yi wa mace kuka akan ce ana ambatonta a wani wuri. Na ɗan lokaci ba kome. Amma akwai wadda nata ba ya barinta dare da rana, kamar kukan gyare, har ya hana ta barci.

To, ki sani galibi ƙarar nan ba a kunne take ba, a ƙwaƙwalwa take. Can cikin kowane kunne akwai 'yan ƙwayoyi masu gashi wajen 15,000, su ke aika wa ƙwaƙwalwa labarin sauti. Ƙara mai tsanani da tsufa suna kashe su, ba su kuwa sake tsirowa. In saƙo ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara kasa kunne, kamar rediyon da aka ƙure muryarsa bayan tasha ta ɓace, ba abin da za ki ji sai shuuu.

Yaya aka sani? A 1924 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwar mutum, ya ga in an natsu yana kaɗawa kamar sau 10 a daƙiƙa. A 2005 masana a Jami'ar Konstanz ta Jamus suka tarar kaɗawar nan ta yi rauni a sashen ji na masu ciwon, watau sashen ba ya hutawa. Har an sha yanke jijiyar ji, ƙarar ba ta tafi ba.

Shiru yana ƙara ta. A 1953 a Amurka an sa mutum 80 masu lafiyar kunne a ɗakin da sauti ba ya shiga, kusan dukansu suka ji ƙara. Saboda haka da dare bar fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa.

Kada ki daɗe gindin injin markaɗe, kada ki zauna da goyo kusa da lasifika a gidan biki. Ke 'yar makaranta, rage ƙarar abin da kike sa wa kunne. Kwinin da asfirin mai yawa su ma suna jawo ta. Ban da tsinken ashana, ban da ɗiga mai.

In kuwa kunne ɗaya ne, ko ƙarar tana bugawa tare da zuciya, ko da jiri, lalle ki ga likita. In ji ya ɗauke farat ɗaya, kada ki kwana.

Allah ya ba mu lafiya, amin.