Kafin A Rabu, A San Kayan Kowa

A Yako da sauran garuruwan Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, rigimar da kan biyo bayan saki sau da yawa kan kaya ce. Mace ta ranta wa mijinta kuɗin taki da damina, ko akuyarta ta hayayyafa cikin garkensa, ba wanda ya sani sai su biyu. Ranar rabuwa sai gardama.

A shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce. Sadakinta, kayan ɗakinta, dabbobinta, ribar ƙuli-ƙulinta da kwasar adashinta, miji ba shi da iko da su. Ragowar sadakin da bai cika ba bashi ne a kansa. Amma in ita ta nemi rabuwa ta hanyar khul'i, takan mayar masa da sadaki ko abin da suka daidaita.

In sakin kome ne, ci da wurin kwananta suna kan miji har ta gama idda: tsarki uku, mai ciki kuwa sai ta haihu. Ciyar da 'ya'ya na uba ne, ko suna hannun wa.

Saboda haka tun zama bai ɓaci ba, a rubuta kowane rance, da boko ko ajami, gaban shaidu biyu. In mai unguwa da dagaci sun kasa sasantawa, akwai Hukumar Hisba, wadda Jihar Kano ta kafa a 2003, sannan kotun shari'a. Can kuwa alƙali shaidu zai fara tambaya.