Lasisin Najeriya a Titin Ingila



Da na je Ingila ziyara, abin da na fara tambaya shi ne: lasisina na Najeriya zai yi aiki kuwa? E, yana yi. Baƙo zai iya tuƙa ƙaramar mota har wata 12 daga ranar shigarsa ƙasar, muddin lasisin bai ƙare ba.

Amma fa kada ka karɓi makullin motar ɗan'uwa haka kawai. Dole inshora ta haɗa da kai. In babu, tarar fam 300 ce, kuma 'yan sanda na iya ƙwace motar. Ka ga ka jawo wa mai masaukinka.

Sannan ta hagu ake tuƙi, a kula!

Sai shiri na gaba.