Taswirar tafiyar abokin ciniki

Taswirar tafiyar abokin ciniki zane ne da ke nuna matakan da mai saye yake bi, tun daga lokacin da ya ji labarin kaya har bayan sun shiga hannunsa. Tana da alaƙa da tsarin zana hidima wanda G. Lynn Shostack ta bayyana a mujallar Harvard Business Review a shekarar 1984.

Yadda ake farawa

Ana zaɓar masu saye iri ɗaya a yi musu tambayoyi, sannan a jera matakansu. A ƙarƙashin kowane mataki ana rubuta abin da suka yi da yadda suka ji.

Misali shi ne shagon tela a Daura gab da Sallah, lokacin da ake shirin Hawan Magajiya. Mutum ya kawo shadda, a yi masa awo, ya ba da kafin alƙalami, ya koma jira. Sau da yawa taswirar kan nuna cewa ɗinkin ba shi da laifi, saɓa ranar karɓa ce ke korar mutane.

Akwai manhajoji irin su Miro da Smaply, amma ga ƙaramin shago takarda da biro sun wadatar.